Gwangwanayen Tsoho

Lahadi, bayan azahar

To. Jan abin yana ƙiftawa, ya kama ke nan. Baban Ummi ne ya nuna mini, ya ce in kewa ta ishe ni in danna nan in yi magana, waya ba ta kai gulma. Ni ce Safara'u. Ban san wa nake gaya wa ba. Da na yi lekol, karatun boko, da rubutawa zan yi.

Ranar Alhamis ya fita. Ya sa farar rigarsa da na goge, ya ce zai je ofishin nan na shige da fice da yake zuwa sa hannu, kafin azahar ya dawo. Ya saba zuwa, ba ranar ya fara ba. Na dafa shinkafa da wake. Tana firigo har yanzu.

A bakin ƙofa abu biyu ya gaya mini. Kada in buɗe wa kowa. Kayan Tsoho kuma in kula da su sai ya dawo.

Tsoho wani Bature ne nan Alexandria ta Virginia. Baban Ummi ya yi masa shofer, yana tuƙa shi shekara da shekaru, shi ke kai shi likita, shi ke yi masa aski, a ƙarshe har wanka. Ba ɗa ba jika. Da zai rasu ya ba shi gwangwanaye shida, masu faɗi kamar faifai, duk sun yi tsatsa. Wai fim ne a ciki, na kakansa, tun lokacin da fim bai iya magana ba. Wai daga wani littafin Ingila aka ɗauko labarin, na zamanin wata tsohuwar sarauniyarsu. Ya ce Baban Ummi ya kai su wurin masu adana irinsu da hannunsa, kada 'yan kwasar shara su watsa su a mota. Baban Ummi ya ce ran Asabar zai kai. Asabar jiya ce.

A baranda ya bar su cikin kwali. Da safe na leƙa na ga ƙanƙara ta rufe kwalin. Na ce haba, amana a waje cikin sanyi kamar takalmi? Na shigo da su. Na goge kowanne, na naɗe da zannuwan aurena, na jera a walis ɗina, akwatin tafiyata, na tura shi lungun gado kusa da hita, inda ya fi ɗumi a gidan. Ko ba komai in ya dawo ya ga na kula.

Litinin, da hantsi

Bai kira ba.

Talata, bayan la'asar

Ya kira. Wata matar inji ce ta fara, da Turanci, ta yi ta magana, na kusa kashewa, sai na ji muryarsa can nesa kamar daga rijiya. Bayansa mutane da yawa. Ya ce lafiya lau yake. Ya ce Ummi fa, tana cin abinci? Na ce tana ci. Ya ce kayan Tsoho fa? Na ce na adana su wuri mai kyau. Ya ce madalla. Na ce ina ne wurin da aka tsare shi, ya faɗi wani suna, ban riƙe ba. Ya ce akwai lauya, mutanen masallaci sun samo. Ya ce kwana kaɗan ne. Sai ta yanke.

Inna ta kira daga Damagaram, na ce ya yi tafiya da kamiyo, babbar motar kaya. Ta ce muryata fa? Na ce mura.

Alhamis, da safe

An buga ƙofa. Na ɗauki Ummi na shige bayi na kashe fitila, na toshe mata baki da nono. Ta girma da nono, ta shekara da rabi, amma shi ne kaɗai ke sa ta shiru. Aka buga, aka sake bugawa. Lifta ta yi ƙara, ta tafi.

Da na leƙa ta ramin ƙofa, kula ce a ƙasa. Anti Constance ce ashe, ta ƙofar da ke kallon tamu. 'Yar Jos ce, nas ce, Hausarta ta fi tawa gudu. Gwaten acca ta ajiye. Na jawo kular da ƙafa na rufe.

Ban ci ba. Ummi ta ci.

Asabar, bayan azahar

Akwai wani wari a ɗakin. Na ɗauka Ummi ce, na duba, ba ita ba ce. Na wanke bayi, na fitar da shara cikin leda na ajiye bayan ƙofa. Warin yana nan. Kamar safar da ta kwana a takalmi, kuma yana yaji a hanci. Da na durƙusa zan share ƙarƙashin gado na gane daga walis yake fitowa.

Bai ce kada in buɗe ba. Cewa ya yi in kula.

Na ɓamɓare murfin ɗaya da cokali. Abin a naɗe yake kamar igiyar guga, baƙi, yana sheƙi. Na warware kamar kamu ɗaya na ɗaga a taga. Wallahi mutane ne a ciki, ƙanana kamar ƙwayar gero. Wata mace ce da doguwar riga har ƙasa, ƙugunta a ɗaure kamar za ta karye, tana tsaye bakin wata ƙofa da yaro a kafaɗa, hannunta ɗaya a sama. Na gaba ma ita ce. Na gaba ma ita ce. Duk ita ce, hannu a sama. Ban san ko sallama take yi wa wani ba ko kiransa take. Duka wurin shuɗi ne. Na ƙara warwarewa sai ya koma rawaya, cikin ɗaki, tana ɗinki gaban kyandir. Tsakani akwai baƙaƙe masu rubutu, waɗannan na wuce su.

Baban Ummi ya taɓa nuna mini irinsu a wayarsa, Tsoho ne ya koya masa son su. Muna kwance muna kallo, baki na motsi ba a jin komai. Na ce masa a duk ƙasar nan waɗannan ne kaɗai mutanen da nake jin maganarsu. Ya yi dariya har Ummi ta farka.

Na mayar na rufe. Na kunna gawayi na sa turaren wuta, na Inna da ta ba ni, na ajiye kaskon gefen walis don hayaƙin ya shiga zannuwan. Abin ihun nan na silin mai jin hayaƙi ba zai yi ihu ba, tun da muka tare Baban Ummi ya sa masa safa saboda turarena.

Lahadi, da yamma

Bai kira ba. Na ƙara turare.

Talata, da hantsi

Ummi tana tari. Idonta ja, yana ruwa. Ni ma maƙogwarona kamar na haɗiyi barkono. Na shafa mata man zafi, na ƙara hita, na toshe ƙasan taga da tawul. Tarin ya ƙaru.

Ina jin tsoro. Na faɗa. Ina jin tsoro. In na kai ta likita za su tambayi sunan uba, za su tambayi ina yake.

Laraba, bayan la'asar

Yau na buɗe ƙofa. Bari in faɗi yadda aka yi.

Anti Constance ta dawo daga aiki ta tsaya a ƙofar, ba ta buga ba, magana ta yi ta jikin katakon. Ta ce: "Ke 'yar Nijar, na san kina ciki. Kin mai da mana hawa na tara kasuwar turare, har a lifta ake jin ki. Ki ba ni kulata in ba za ki gaishe ni ba."  Sai Ummi ta yi tarin nan. Anti Constance ta daina wasa. Ta ce in buɗe ta ga Radiyya, ita kaɗai ce, ba kowa a bayanta. Ita ke kiran Ummi da sunanta na yanka, ni ba na kira, sunan mahaifiyarsa ne.

Na ce a raina ai Anti Constance ba kowa ba ce.

Ta sa kunne a bayan yarinyar, ta duba ido, ta ce mene ne wannan warin ƙarƙashin turaren. Na nuna mata. Ita ma ba ta sani ba da farko, har tana tsokanata wai na ɓoye kilishi ya ruɓe. Ta ɗauki hoton gwangwanin da rubutun gefen fim ɗin, ta yi ta latsa waya. Ina kallon fuskarta tana sauyawa.  Ta ɗauki kaskon da hannu biyu a hankali kamar mai ɗauke da jariri, ta kai kicin ta sakar masa famfo. Ta kashe hita. Ta hau kujera ta cire safar abin ihun silin. Ta buɗe tagogi duka, da sanyin da komai. Sannan ta zauna a ƙasa.

Ta ce irin wannan tsohon fim ɗin ɗan'uwan fetur ne. In ya kama, ruwa ba ya kashe shi. In ya ji zafi ruɓewa yake, yana fitar da iskar da ke cin ƙirji, ɗaya kuma yana shafa wa sauran. Sanyi yake so. Ta ce mai gidanki da ya bar su a baranda ya san abin da yake yi.

Ni ban sani ba. A gidanmu abin da kake so ba ka barinsa a waje.

Muka mayar da su baranda. Ta ce akwai masu wannan aikin can cikin Virginia, wajen duwatsu, suna da ɗakuna masu sanyi don irinsu kawai, za ta kira su su zo su ɗauka. Na ce a'a. Na ce ya ce sai ya dawo, shi zai kai da hannunsa, haka ya yi wa Tsoho alkawari. Kuma ba na fitar da kayan miji daga gida ba da izininsa ba. Kuma in sun zo za su ga lambar ƙofa, za su rubuta suna.

Ta dube ni ta ce: "Ƙanwata, in bai dawo wannan watan ba fa?"

Na ce ta ɗauki kularta.

Alhamis, da safe

Zai dawo. Kwana kaɗan ya ce.

Juma'a, bayan azahar

Tarin ya yi sauƙi. Anti Constance ta ajiye magani a ƙofa, da abin awo. Ban gode mata ba tukuna.

Ya kira. Na shirya zan tambaye shi izinin ba da gwangwanayen, na jera maganar tun safe ina maimaitawa. Sai na ji muryarsa ta dishe, ya ce an mayar da su wani wuri, sun kwana a mota. Ya ce an ɗage ranar shari'a. Ya ce abin da ke riƙe da shi shi ne yana rufe ido ya ga ranar da zai fito, ya ɗauke mu a mota ni da Ummi da gwangwanayen, mu je wurin masu fim ɗin, wai hanyar da kyau, akwai dawaki da gonaki kamar gida. Ya ce in sa shuɗin lesina ranar.

Ya zan ce masa? Na ce to.

Lahadi, da hantsi

An daina ƙanƙara. Rana tana faɗowa barandarmu tun safe har azahar, na taɓa kwalin na ji ɗumi. Na yi masa rumfa da tabarmar salla ta roba. Na sa ƙanƙarar firigo a leda na jera gefe. Ta narke. Na sake sawa.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe wanda na buɗe ran nan. Na ɗaure hanci da ɗankwali, Ummi tana ɗaki na rufe ta.

Ya manne. Wani abu yana tsattsafowa daga gefe kamar zuma mai kumfa. Na samu bakin na ja a hankali, ya biyo ni kaɗan ya tsinke. Na ɗaga a rana. Ƙofar tana nan, rigar tana nan. Fuskar matar babu, ta narke, yaron ma ya zama tabo. Hannun ne kawai.

Ran Asabar ɗin can tana da fuska. Na gan ta da idona. Shekara ɗari da wani abu tana da fuska, ta tsallake teku, ta zauna gidan kakan Tsoho, ta zauna gidan Tsoho, sai da ta zo hannuna na lulluɓe ta da zani na kai ta gindin hita.

Ummi tana buga ƙofa tana kira na. Bari in je.

Talata, da safe

In na jira shi, toka zai tarar. In ban jira shi ba, na ce ba zai dawo ba ke nan.

Laraba, da yamma

Na tsallaka na buga ƙofar Anti Constance. Ta buɗe da hular barci a kai, ta ce a'a, yau sarauniyar turare ce da kanta. Na ce ta kira su. Na ce amma kada mai kaki ya zo, kada a tambaye ni takarda, kada a tambayi ina maigidan. Ta ce ta ji. Ta ce in shigo in ci abinci, na rame kamar tsinken tsire. Na ci. Na yi kuka a kan teburinta, ta bar ni na gama, tana ta yi wa Ummi wasa da cokali.

Asabar, bayan azahar

Sun zo, sun tafi.

Mutum biyu ne, wani dogo mai furfura a gemu, Joel sunansa, da wata mace mai tura wani farin akwati irin na masu sayar da ƙanƙara. Ba kaki. Duk da haka da na ji lifta ta tsaya ban je ƙofa ba, Anti Constance ce ta buɗe. Ta sa suka cire takalma. Safar Joel ta huje a babban yatsa, ya yi ta ɓoye ƙafar a bayan ɗayar. Wannan ne ya kwantar mini da hankali.

Ya durƙusa a baranda da safar hannu da abin rufe hanci. Yana buɗewa ɗaya ɗaya, yana shinshinawa daga nesa, yana taɓa gefe da yatsa. A na uku ya warware kaɗan ya ɗaga a haske, ya karanta baƙin rubutun nan, sai ya zauna daɓas a kan siminti. Ya kira matar ta duba. Suka yi ta magana ƙasa ƙasa.

Anti Constance tana juya mini. Wai sun san sunan fim ɗin, yana cikin waɗanda aka ce sun ɓata, ba wanda ke raye da ya taɓa ganinsa. Wai a zamanin an yi irinsu da yawa daga littattafan nan na Ingila, na marayu da matan da aka bari da gidajen da ake korar mutane, saboda kowa ya san labarin, ba sai an yi magana ba. Da fim ya koyi magana sai aka watsar da su, wasu gobara ta ci, wasu aka narka, wasu suka zama gari a gwangwani. A cikin goma da ƙyar a samu ɗaya ko biyu. Wai shuɗin nan dare ne, rawayan kuma hasken fitila, rina su ake yi kamar zani. Wai za su ɗauki hoton kowane ɗan gida na jikin fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, aikin watanni, sannan uwar, wato fim ɗin na asali, ta koma ɗakin sanyi ta kwanta.

Huɗu za su yi, in Allah ya so. Biyu sun mutu. Wanda na buɗe, da wanda ke manne da shi a cikin zani ɗaya. Waɗannan daban aka sa su, cikin wani bokitin ƙarfe mai ruwa, ba ɗakin sanyi za su ba.

Na ce Anti Constance ta tambaye shi ko zafin ne ya kashe su. Ya dube ni, ya yi magana mai tsawo, yana nuni da hannu. Anti Constance ta ce: "Ya ce dama sun tsufa." Ba na jin Turanci, amma na san maganarsa ta fi haka tsawo.

Da za su tafi ya ce wane suna za a sa a farkon fim ɗin, na wanda ya ba da shi.  Na ce a sa na Tsoho. Ya ce da na wanda ya riƙe amanar fa? Anti Constance tana kallona. Na ce a sa sunan da mahaifiyarsa ke kiransa da shi, wanda ba ya kan kowace takardar ƙasar nan. Ita ta faɗa masa, ta maimaita har ya iya. Ni ba na faɗa.

Ummi ta bi akwatin har bakin lifta tana tura shi da su.

Barandar ba komai yanzu sai shatin kwali.

Lahadi

Bai kira ba. Gara.

Talata, bayan la'asar

Ya kira. Ban bari ya gama gaisuwa ba, na faɗa masa duka, da walis ɗin da hitar da turaren da ƙofar da na buɗe. Na ce na fitar da kayan ba da izininsa ba. 

 Ina jin mutanen bayansa. Ya ce nawa suka tsira? Na ce huɗu. Ya ce matar mai yaro tana cikin huɗun? Na ce an ce tana cikin duka, labarinta ne. Ya ce Allah sarki Tsoho. Sai ya ce: "Kin yi daidai, Safara'u. Da ma yau zan ce ki kira su."

Na ce don me yau?

 Ya ce baƙar jakarsa ta saman kwaba, in haɗa masa kaya a ciki. Jaka ɗaya aka yarda, kada ta yi nauyi. Lauya zai aiko a karɓa jibi. Ya ce riguna uku, da takalmin fata, da hoton Ummi na jikin firigo. Na ce mu fa? Matar injin ta shigo ta yi maganarta, wannan na gane ta yanzu, saura kaɗan take cewa. Ya ce in ba Ummi wayar ya ji muryarta. Na ba ta. Ta sa wayar a baki. Ina jin shi ƙarami a ciki yana kiranta har ta yanke.

Laraba, da hantsi

Na sauko da jakar. Riguna uku, takalmi, hoto. Na ƙara carbinsa da abin yankan farce, bai ce ba.

Babbar rigar sanyinsa ce ta tsayar da ni. Ita kaɗai ta cinye rabin jakar. Na sa, na cire. Na sa, na cire. A Damagaram, inda za su mayar da shi, zafi ya fara yanzu, ba abin da zai yi da ita, dariya ma za a yi masa.

Amma ban san ta inda za su bi da shi ba. Na sa.